Darasi na 9: Tambarin Mutum

Kafin waninmu ya iya haɗa baƙi da wasali, ya daɗe yana karatu. Wanda ya tsaya bakin hanya ranar hawan Sallah ya hango mahayi da rawani mai kunne biyu, ba sai an gaya masa ba, ya san jinin sarauta ne. Dattijon da ya jefa ƙuri'a a 1979 da ya ga makulli ya san jam'iyyar Malam Aminu Kano ce, da ya ga gida da masara ya san ta Alhaji Shehu Shagari ce. Ɗan dako a tasha yakan ware buhunan mutum biyar bai haɗa na wani da na wani ba, don kowane buhu da shaidar mai shi a jiki: wannan layi uku da jan fenti, wancan zobe biyu da baƙi. Duk wannan karatu ne, karatun alama, kuma da shi kuka shigo ajin nan.

Darasinmu na yau a kan alama iri guda ne, wato wadda mutum ɗaya ko gida ɗaya yake riƙewa har ta zama tasa, a gan ta a ce ta wane ce. Ita ce tambarin mutum. Turawa sun tara nasu a kan garkuwa guda. Mu ma muna da shi, sai dai namu a rarrabe yake: wani a ka, wani a hannu, wani a bakin makaɗi, wani a fuskar zaure.

Garkuwar barde

A Turai yaƙi ne ya haifi abin. Barde yakan shiga fagen fama cikin sulke, kwalkwali ya sakaya masa fuska, kamar dai ɗan lifidi a hawan Daushe, wanda ko ƙaninsa sai ya duba da kyau kafin ya gane shi. A yaƙin Hastings na 1066, da jita-jita ta bazu cewa an kashe Wiliyam na Normandi, sai da ya ɗaga kwalkwalinsa dakarunsa suka ga fuskarsa kafin hankalinsu ya kwanta. Cikin ƙarni na 12 barade suka soma zana alama a garkuwa, kowa da tasa, su maimaita ta a tuta, da rigar da ake ɗorawa kan sulke, da hatimin da suke bugawa a takarda. Idan uba ya mutu ɗa ya gaje ta. Da haka shaidar fagen fama ta koma shaidar gida.

Da abin ya yi yawa sai aka yi masa doka. Launukan da aka fi aiki da su bakwai ne: ruwan zinariya da ruwan azurfa, wato rawaya da fari, sai ja, shuɗi, baƙi, kore da shunayya. Ba a ɗora ja a kan shuɗi, ba a ɗora fari a kan rawaya, saboda a iya gane zanen daga nesa, cikin ƙura. A Ingila tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk wanda ya yi suna ɗaya da shi ba. Babban ɗa ne yake gadonsa yadda yake, ƙannensa kuwa sai sun ƙara wata 'yar alama da za ta bambanta su. Dabbobi biyun nan da akan ga sun riƙe garkuwa dama da hagu, ba kowa ake ba su ba, sai manyan masu sarauta da wasu barade da sarki ya girmama. A 1484 Sarki Richard na Uku ya kafa hukumar da ke kula da wannan aiki a Landan, kuma har yau ita ce take ba mutum tambari a Ingila, bayan ta bincika littattafanta ta tabbatar ba na wani ba ne.

Ku dubi yadda suka ɗauki abin da zafi. A 1385, cikin rundunar da Sarki Richard na Biyu ya nufi Sikotilan da ita, barade biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar garkuwarsu iri ɗaya ce: shuɗiya, da ratsin ruwan zinariya a karkace. Kowa ya ce ta gidansu ce tun kaka da kakanni. Aka shiga shari'a, aka yi shekara biyar ana yi, aka saurari ɗaruruwan shaidu, a ƙarshe aka ba Scrope gaskiya, Grosvenor ya nemi wata alamar. Abin lura shi ne tambayar da aka riƙa yi wa shaidun. Ba a tambaye su wa ya fi son zanen ba. An tambaye su a hannun wa suka saba ganinsa, a wane yaƙi, tun yaushe. Ke nan ba faɗar mai tambari ce take sa ya zama nasa ba, shaidar jama'a ce. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a Zazzau.

Ga gargaɗi guda. Za ku ga an rubuta a wasu wurare cewa ja kullum jarumtaka yake nufi, shuɗi gaskiya, zaki ƙarfi. Masu wannan sana'a a Turai ba su ɗauki hakan doka ba. Wani ya zaɓi zaki ne don ubangidansa zaki ne a garkuwarsa, wani ya zaɓi abin da ya yi kama da sunan gidansu. Ma'anar alama tana wurin wanda ya sa ta da mutanen da suka san shi, saboda haka sai an tambaya.

Wanda muka fi gani

Tambarin Nijeriya a kan wannan tsari aka gina shi a 1960, shi ya sa ya dace mu koyi sassan tambari a jikinsa. Ku nemi takardar gwamnati ko tsabar kuɗi ku duba. A tsakiya baƙar garkuwa ce, an ce ƙasar noma mai albarka ce. Farin ratsin da ya zo daga sama gida biyu ya haɗe ya gangara, kogin Kwara ne da Binuwai, inda suka gamu a Lakwaja. Fararen dawaki biyu sun riƙe garkuwar, alamar martaba. A sama jar mikiya, alamar ƙarfi, tana tsaye kan naɗi kore da fari irin na tutar ƙasa. A ƙasa ciyawa da furanni, sai kirarin ƙasa a rubuce. Da farko haɗin kai da imani kawai ya ambata, a 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba. Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ma tana da nata, doki da raƙumi suka riƙe garkuwar, kirarinta kuwa aiki da ibada. Ga su nan: garkuwa, abin da ke cikinta, abin da ke kanta, masu riƙe ta, da kirari.

Hatimi da alamar aiki

Musulmi sun riga wannan zamani sanin shaidar mutum a takarda. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar aika wasiƙu ga sarakunan duniya, aka shaida masa ba sa karɓar wasiƙar da ba hatimi. Sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa, aka rubuta sunansa da manzancinsa a layi uku. Sayyidina Abubakar ya riƙe zoben bayansa, sai Umar, sai Usman, a hannunsa ya faɗa rijiyar Aris. Sarakunanmu na daular Sakkwato sun bi wannan hanya: wasiƙar sarki da Larabci take, da hatiminsa a kai, kuma akwai irinsu ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

A Masar kuwa, Mamalik da suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517 sun yi wani abu da nake so ku dube shi da kyau. Mafi yawansu bayi ne da aka sayo tun suna yara daga nesa, aka horar da su, suka zama sarakunan yaƙi. Ba su da gidan uba a Alƙahira da za su yi tinƙaho da shi. Sai kowannensu ya ɗauki alamar aikin da ya yi a fada. Wanda ya shayar da sarki ya sa kofi, magatakarda ya sa gidan alƙalami da tawada, mai riƙon makamai ya sa takobi. Suka zana su cikin da'ira a ƙofofin gidajensu, da tasoshinsu, da fitilun masallatan da suka gina. Bature ya ce ga gidan da na fito, Bamamluke ya ce ga aikin da na yi.

A fadar Zazzau

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tura mutanensa ƙasashe a farkon ƙarni na 19, tuta ya ba kowannensu: Sulaimanu a Kano, Ummarun Dallaje a Katsina, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Adamawa, Malam Musa a Zazzau. Ƙyalle ne a kan sanda, amma duk wanda ya gan ta ya san da izinin wa mai ita yake tafe. Bayan Malam Musa sai Yamusa, sai Abdulkarimu, daga baya Abdussalami, kuma daga waɗannan huɗun gidajen sarautar Zazzau suka samo asali: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Sarki Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, Bakatsine ne. Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, wanda aka naɗa a watan Oktoba na 2020, Bamalle ne, kafin nan shi ne Magajin Garin Zazzau.

Kowace masarauta da kayan da ake gane sarkinta da su. Kano tana da tagwayen masu da takalmin gashin jimina, waɗanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa. Katsina tana da takobin nan Gajere. Akwai laima, akwai alkyabba, akwai sandar girma da Turawa suka shigo da ita, wadda yanzu gwamna yake miƙawa. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Idan aka busa kakaki, ko makaho ya san ba hakimi ne zai fito ba, sarki ne. Kowane babban basarake da takensa, makaɗa su kaɗa, mutanen gari su ce ga Madaki nan, ga Galadima nan, tun bai karyo kwana ba. Kirarin da Bature ya rubuta a ƙasan garkuwa, mu maroƙi ne yake ɗauke da shi a baki.

Yanzu ku tuna shari'ar baraden nan biyu, ku dubi yadda ake naɗi. Mutum ya zo fada da 'yan'uwa da abokan arziki, ya durƙusa gaban sarki, a naɗa masa rawani a bainar jama'a, a yafa masa alkyabba, a yi addu'a, ya faɗi ya yi gaisuwa, a raka shi gida da algaita. Da akwai rawani a kasuwa, kowa na iya saye. Abin da ba ya sayuwa shi ne idanun da suka shaida naɗin. Wanda ba ɗan sarki ba ya fitar wa rawaninsa kunne biyu ya shiga taro, ba za a kai shi kotu kamar Grosvenor ba, amma kafin ya zauna wani zai matso ya raɗa masa ya gyara. Zanen aro ba ya rufe katara.

Tsagar fuska ma shaida ce, ta asali. Wanzami yakan yi wa jariri ta gidansu, a gane Bagobiri, a gane Babarbare. A zamanin yaƙi da kamun bayi ta taimaka wajen gano dangi. Yau ta ja baya ƙwarai, kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro ita.

Bangon Tudun Wada

To talaka fa, wanda ba a naɗa ba, ba shi da kakaki ba shi da maroƙi? A nan ne unguwarmu, Tudun Wada, take da abin faɗa.

Tudun Wada ba ta cikin ganuwar Zariya. A zamanin Turawa aka kafa ta, tsakanin birni da Sabon Gari, domin 'yan Arewa da ba 'yan asalin birnin ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ciniki da aikin albashi suka buɗe, mutane suka yi ta zuwa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Barno da ƙasar Nufe. A cikin birni idan ka faɗi unguwarku da sunan kakanka an gama saninka. A Tudun Wada maƙwabcinka bai san kakanka ba. Ni a ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa fuskar zaure ta zama wurin magana a nan, kamar yadda baƙin Alƙahira suka yi da ƙofofinsu.

Gini da ado tsohuwar sana'a ce a Zazzau. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da bakan gizonsa da zanen da ke jikin ginshiƙansa. A wancan lokaci ado yakan tsaya ne a cikin soro, a gidajen sarauta da masallaci. Daga baya, da kuɗi suka shigo hannun 'yan kasuwa da ma'aikata, sai ya fito waje, inda mai wucewa zai gani.

Ga yadda magini yake yi. Bayan an tayar da bango da tubali an yaɓe shi, sai ya ɗora sabuwar ƙasa mai laushi, ya bi ta da yatsu tun tana ɗanya, yana tayar da layi yana kwantar da wani, har zanen ya fito tudu da kwari. Idan ya bushe a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, don kada ruwan sama ya cinye shi. Da siminti ya zo sai aka koma shafa shi a bango, a yanka zanen da wuƙa kafin ya kame, a bi shi da fenti kala-kala. A sama kuma zankwaye su tsaya a kusurwa.

Me ake zanawa? Dagi ne kan gaba, igiyar nan da take sarƙewa da kanta ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. Masu ɗinkin hannu da dukawa sun daɗe da ita, kafin a zamanin Sardauna ta zama alamar Arewa baki ɗaya. Sai takobi, da bindiga, da allo, da wata da tauraro. Sai kayan zamani: agogo, keke, mota, har jirgin sama. Wani ya sa a rubuta sunansa da shekarar da ya yi ginin, wani ya sa sunan Allah a bisa ƙofa. Ba a cika zana mutum ko dabba ba, saboda malamai da yawa sun ƙi a zana mai rai. Gidajen Zariya sun yi suna da wannan ado har wani Bature, Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo a nan Zariya, ya fitar da ɗan littafi a kansu a 1963.

Kada wani ya raina keken nan da ke bango. A lokacin da aka zana shi, keke dukiya ce, kuma mutumin da ya sa aka fito da shi a zaurensa yana sanar da unguwa ne cewa guminsa ya kai shi nan. Ba sarki ne ya ba shi ba, ba hukuma ce ta rubuta masa a littafi ba, amma sharaɗin nan na shaidar jama'a yana kansa, don maƙwabta suna ganin fitarsa da shigarsa kullum. Ba kowane zane ne yake ba da labarin mai gida ba. Wani magini ne ya zaɓa don hannunsa ya fi faɗawa a kai, wani an gani a gidan wani ne aka yi sha'awa. Shi ya sa, kamar garkuwar Turawa, sai an tambayi masu gidan.

Abin da yake damuna shi ne gidajen nan suna ƙarewa. Damina ta ci wasu, an rushe wasu an yi shaguna, wasu an lulluɓe su da bulo da tayil. Ba na zargin mai gida, don gyaran ginin ƙasa kowace shekara ba ƙaramar ɗawainiya ba ce, kuma maginan da suka iya aikin sun yi ƙaranci. Amma idan bango ya faɗi ba a ɗauki hotonsa ba, ba a tambayi wanda ya sa aka yi shi ba, to wani shafi na tarihin unguwa ya tafi, kuma babu wani littafi a Landan ko Kaduna da aka ajiye kwafinsa.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Wace ce a cikinku ba ta taɓa ɗiga jan farce ko fenti a gindin kwanonta ba kafin ta ba da aronsa gidan biki? An gama biki, kwanuka sun taru tuli guda a tsakar gida, kowace ta kifa ta duba gindi ta ɗauki nata, babu gardama. Zanen da ke jikin ƙwarya da irin saƙar faifai ma sukan nuna hannun da ya yi su.

Daga dangwale zuwa sa hannu

Akwai tambarin da dukanku za ku fita da shi daga ajin nan, shi ne sa hannu. Dangwale ba abin kunya ba ne, shaida ce da Allah ya halicci kowa da tasa, kuma ko masu digiri da ita suke zaɓe. Bambancin kawai, mai sa hannu yakan karanta abin da ke sama kafin ya sa. A nan Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma daga maɗaba'ar Gaskiya aka riƙa fitar da littattafan Yaƙi da Jahilci zuwa ko'ina a Arewa. Ku zaɓi yadda za ku rubuta sunanku, ku yi ta maimaitawa har hannu ya saba, ku tsaya a kansa, domin da wanda kuka fara sawa ne banki da kotu za su riƙa gwada na baya. Kada kuma ku sa shi a takardar da ba ku karanta ba ko ba a karanta muku ba.

Aiki

Ku amsa da baki a aji: me ya sa ba a ɗora ja a kan shuɗi a garkuwar Turawa? Wace tambaya aka yi wa shaidu a shari'ar Scrope da Grosvenor? Ina bambancin alamar barden Ingila da ta Bamamluken Masar, kuma wacce ce ta fi kama da zanen zauren Tudun Wada?

Ku rubuta sunayen gidajen sarautar Zazzau huɗu a littafinku.

Cikin makon nan kowa ya nemi tsohon gida mai zane a unguwarsu. Ku yi sallama, ku nemi izinin mai gida kafin ku ɗauki hoto da waya ko ku kwaikwayi zanen a takarda. Ku tambaya wa ya sa aka yi, wane magini ya yi, a zamanin wane sarki, kuma me ya sa aka zaɓi wannan zane. Ku rubuta amsar a jimla uku.

Sa'an nan kowa ya zana nasa tambarin. Ku yi garkuwa, ko da'ira, ko siffar allo, ku raba ta gida uku. A gida na farko ku sa abin da ke nuna garinku ko gidanku, a na biyu kayan sana'arku, ko almakashi ne, ko fartanya, ko ludayi, ko sitiyari, a na uku abin da kuke fatan 'ya'yanku su gada daga gare ku. Launi biyu ko uku sun isa, mai haske a kan mai duhu. A ƙasa ku rubuta kirarinku da kalmomin da ba su wuce biyar ba. Kada ku sa abin sarauta idan ba a naɗa ku ba, kada ku sa abin da maƙwabcinku zai ce bai san ku da shi ba. Ku kawo takardar ranar darasi na gaba ba tare da suna a jiki ba. Za a jera su a kan tebur, kowa ya gwada faɗin mai kowace, ya kuma faɗi abin da ya gani har ya gane.